Haƙori ko MBBS? Ku ba ni shawara kafin in yanki fom ɗin JAMB

Bint_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Bara na sa MBBS, wato kwas ɗin likitanci, a JAMB, na tashi da 226, har aka gama fitar da sunaye nawa bai fito ba. Bana zan sake zama in Allah ya so. To Baffana ya ce in daina wahalar da kaina, in sa kwas ɗin likitan haƙori, wai shi babu rububi, da maki kaɗan ma ana shiga. Ni kuma ban san kowa da ya karanta shi ba balle in tambaya. Da gaske ya fi sauƙin samu? Darussan da ake rubutawa ɗaya ne da na MBBS? Sannan Fiziks ce take ja ni ƙasa, ita ce ma ban samu kiredit ɗinta a WAEC ba sai a NECO. Wanda ya bi hanyar nan ya taimaka min da yadda ya yi nasa shirin.

Abu_Arkilla:
Wa alaikumus salam. Darussa ɗaya ne: Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Fiziks ɗin da kike gudu tana nan tana jiranki.

Dan_Runji:
Baffa ya hwaɗi gaskiya mana. Wa ka son shekara shidda shina leƙen bakin mutane? Mu ajinmu kusan kowa MBBS yas sa, ko mutum guda ban ji yac ce haƙori ba. Sa abinki ƙanwata, hanya a buɗe take.

Likitan_Baki:
Dan_Runji, ajinku ba shi ne Najeriya ba.

Ƙanwata, ni na karanta shi, kuma ina aikinsa yanzu. Maganar Baffa rabinta gaskiya ce. Masu neman haƙori ba su kai masu neman MBBS yawa ba, wannan babu musu. Abin da ba a gaya masa ba shi ne kujerun ma ba su kai ba. Hukumar MDCN, wadda ke kula da likitoci da likitocin haƙori, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, kuma na haƙori ƙanƙane ne idan aka kwatanta da na MBBS. Dalili a fili yake. Ɗalibin MBBS goma za su iya tsayawa a kan gadon mara lafiya guda su koya, amma ɗalibin haƙori sai an ba shi kujerar aiki da kayan aiki ya sa hannunsa da kansa. Makaranta ba za ta ɗebi mutum ɗari biyu tana da kujeru ƙalilan ba. Ƙara da cewa jami'o'in da ke da kwas ɗin ma ba su da yawa. A Arewa Maiduguri da BUK su aka fi sani da shi.

Sai kuma wani abu: duk wanda ya ci maki mai kyau amma bai isa MBBS ba, ina kike jin zai nufa idan an buɗe canjin kwas? Haƙori. To da su za ki yi takara. Ki shirya kamar MBBS za ki nema, kada ki rage ko maki ɗaya a ranki.

Bint_Mabera:
Na gode Dakta. To nawa ya kamata in nema?

Likitan_Baki:
Ba zan yanka miki lamba ba, don makin yana sauyawa kowace shekara gwargwadon yadda mutane suka ci, kuma kowace jami'a da nata. Amma 226 kam ki bar ta a baya da nisa.

Malam_Kemistiri:
Bari in shigo a matsayin wanda ke koyar da lesin. Yawancin yaran da ke zuwa wurina karo na biyu ba rashin sani ne ya kayar da su ba, lokaci ne. Ku yi lissafin da kanku. Tambaya 180 ce: Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne. Awa biyu ake bayarwa, minti 120 ke nan. Kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Yaro zai buɗe Fiziks, tambaya ta uku ta zo da lissafin madubi ko na wutar lantarki, ya tsaya yana kokawa da ita minti biyar, a nan ya cinye rabon tambaya bakwai. Ƙarshe ya zo Bayoloji, wadda ya fi iyawa, agogo ya rage minti takwas.

Abin da nake gaya wa nawa: fara da Bayoloji, don yawancinta ko ka sani ko ba ka sani ba, babu dogon tunani. Ka bi da Kemistiri, ka yi Turanci, ka ajiye wa Fiziks lokacin da ka tara. Duk tambayar da ta tsaya maka a wuya ka zaɓi wadda ta fi kwanta maka ka wuce, in lokaci ya ragu ka dawo. Ba a cire maki don an yi kuskure, saboda haka barin tambaya babu amsa asara ce kawai.

Kowane darasi maki 100 ne, jimla 400. Idan kin ce Fiziks ce matsalarki, ki duba takardar sakamakonki na bara, nawa kika ci a kowanne?

Bint_Mabera:
Turanci 58, Bayoloji 69, Kemistiri 61, Fiziks 38, Malam.

Malam_Kemistiri:
To kin gani. Ɗaga 38 zuwa 60 ya fi ɗaga 69 zuwa 90 sauƙi nesa ba kusa ba. Ki ba Fiziks kaso mafi tsoka na lokacinki. Kuma 58 ɗin Turanci ma akwai maki a zube a wurin.

Ummu_Sudais:
Ni ban yarda a bar Turanci zuwa na uku ba Malam. Dogayen labaran nan da ake karantawa a amsa tambaya suna son kai a sanyaye. Ƙanena da Turanci ya fara kuma ya ci sosai.

Malam_Kemistiri:
Hajiya ba wahayi ba ne. Kowa ya gwada a gida da agogo ya ga wanda ya karɓe shi. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne mutum ya shiga zauren jarabawa bai san da wanne zai fara ba.

Sardaunan_Kwamfuta:
Kun manta babban abu. Tun 2015 jarabawar nan gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, amma har yau akwai yaran da ranar jarabawa ce ranar farko da suka zauna gaban kibod. Musamman 'yan uwanmu na ƙauyuka, irin su Tangaza, Gudu, Isa, Sabon Birni. Alhali ba a ma buƙatar maus. A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N ka ci gaba, P ka koma baya, S na miƙa aiki. Akwai ƙaramar kalkuleta a kan allon, ba a shiga da ta hannu. Waya, agogo, biro, duk a waje ake barin su. Ki yi rajistar jarabawar gwaji da JAMB ke yi kafin ta gaske. Ba dole ba ce, amma ɗan kuɗin da za ki ƙara bai kai amfaninta ba.

Dan_Runji:
Ai ita ta taɓa rubutawa, ta san wanga duka.

Sardaunan_Kwamfuta:
Ba ita kaɗai ke karantawa ba. Akwai masu laɓe a zauren nan da ba su taɓa magana.

Inna_Ta_Wurno:
Ɗiyata, ni ban san boko mai zurhi ba, amma abu guda zan hwaɗa miki, ki kiyayi lalle. Ɗiyar ƙanwata anka yi bikin yayarta ana saura kwanaki jarabawa, ta sha lalle har kan yatsu. Da sunka je na'urar ta ƙi karɓar yatsanta, anka yi ta gogewa, yarinya tana ta kuka. Da ƙyar da addu'a ta shiga, amma hankalinta ya riga ya tashi. Ko lokacin rijista ko lokacin jarabawa, ki bar yatsunki hwarare. Allah shi ba ki sa'a.

Bint_Mabera:
Amin Inna, na gode. Ga shi kuwa akwai biki gidanmu bayan Sallah.

Ummu_Sudais:
JAMB da kanta ta sha yin gargaɗi kan lalle. A yi miki a bayan hannu kawai, ko ki haƙura. Biki ba ya ƙarewa.

Zarah_BDS:
Ina aji huɗu a haƙori. Babu wanda ya taɓo maganar WAEC da NECO ɗinki, kuma ni ita ta fi tsaya min. Ana son kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Jami'o'i da yawa a MBBS da haƙori suna sharɗanta a same su a zama ɗaya. Ke kuma naki haɗi ne, huɗu a WAEC ɗaya a NECO. Kina iya cin 300 wannan ya tare ki. Duba NECO ɗin da kyau, idan duka biyar ɗin sun fito a cikinta, ki yi amfani da ita kaɗai, magana ta ƙare. Idan ba su fito ba, ki buɗe kundin JAMB na intanet, IBASS, ki karanta sharaɗin kowace jami'a ɗaya bayan ɗaya kafin ki zaɓa. Kada ki dogara da "an ce".

Kuma ki tabbata an ɗora sakamakon a CAPS, wato shafin JAMB na intanet da ake ba da gurbin karatu ta cikinsa. Mutum sai ya zauna yana jiran suna wata da watanni, ashe a wajen JAMB ba shi da sakamakon sakandare kwata-kwata.

Bint_Mabera:
Innalillahi. Yaya Zarah na duba yanzu. A NECO ina da Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, Turanci, amma Lissafi D7 ne. Ke nan bara ma mai yiwuwa abin da ya hana ni ke nan?

Zarah_BDS:
Ba zan rantse ba, don 226 ma kanta tana iya zama dalili. Amma ni da ni ce, zan sake zama WAEC ko NECO in haɗa biyar ɗin wuri guda. Ai karatun ɗaya ne da na JAMB, Lissafi ne kawai ƙari. Wasu jami'o'in ma suna juya A, B, C ɗin zuwa maki su haɗa da na JAMB, to kin ga C6 da B2 ba ɗaya ba ne.

Abu_Arkilla:
Kuɗin fa? JAMB, jarabawar gwaji, lesin, ga kuma NECO. Ba kowane gida ne zai iya ba a wannan marrar.

Zarah_BDS:
Gaskiya ne. Shi ya sa na ce ta fara duba kundin. In akwai inda ke karɓar zama biyu kuma tana son wurin, shi ke nan.

Bawan_Allah_77:
Ni dai duk wannan dogon Turanci ne. Ƙasar nan in ba ka da kowa ko 350 ka ci ba za ka samu ba. A nemi hanya kawai.

Likitan_Baki:
Ni ɗan mai sayar da albasa ne, ban san kowa ba, kuma na samu. Ba na cewa babu son kai a duniya, amma irin wannan magana ita ke kashe wa yara gwiwa tun ba su buɗe littafi ba. Tsarin jami'o'in tarayya a rubuce yake: kashi 45 cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, kuma Sakkwato na cikinsu. Wato ɗan Sakkwato yana da ƙofar da ɗan wata jihar ba shi da ita. Sai dai ƙofar ba ta buɗuwa ga wanda bai kai makin da sashen ya yanka ba. Kuma tun da aka kawo CAPS a 2017, duk gurbin da bai bi ta can ba, ba gurbi ba ne. Wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki, ki riƙe kuɗinki.

Bawan_Allah_77:
Allah ya sa haka ne Dakta. Mu dai mun ga abin da muka gani.

Yusra_Gawon_Nama:
Tambaya ta gefe. Wai shi likitan haƙori ba cirewa da cikewa ne kawai aikinsa ba? Me ake koya har shekara shida?

Dan_Runji:
Da sa haƙorin Makka 😂

Zarah_BDS:
Dan_Runji Allah ya shirye ka. Yusra, shekarar farko kimiyya ce zalla tare da sauran ɗaliban lafiya, kuma a nan ma ana sauke mutane, don haka wadda ta tsallake Fiziks a JAMB da sa'a za ta sake gamuwa da ita. Daga nan mu da 'yan MBBS muke zama aji guda a ilimin sassan jiki, da yadda jiki ke aiki, da sinadaran jiki. Gawar da suke fiɗa ita muke fiɗa. Mu yi ilimin cututtuka da na magunguna, mu zaga ɗakunan marasa lafiya da na tiyata. Sannan a ɗora mana namu a kai: sassaƙa haƙori da kakin zuma har ya fito da kowane lungu nasa, aiki a kan kan roba kafin a bar ka ka taɓa mutum, haɗa haƙoran roba, daidaita haƙoran da suka karkace, haƙoran yara, tiyatar muƙamuƙi da fuska. Ɗan acaɓan da ya faɗi muƙamuƙinsa ya karye, wajenmu ake kawo shi. Bayan an gama akwai shekara guda ta horo a asibiti, sai bautar ƙasa.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce kwas ɗin waɗanda MBBS ta ƙi ne. Muna da irinsu a aji, waɗanda suka shigo da niyyar canzawa daga baya. Canjin bai samu ba, ga shi ba sa son aikin hannu, kullum cikin ƙunci.

Likitan_Baki:
Zarah ta gama magana. In ƙara abu ɗaya da ya shafe mu nan gida. Duk wanda ke ganin aikin baki wasa ne ya je Asibitin Noma da ke nan cikin garin Sakkwato. Tun 1999 aka kafa shi, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da shi tun 2014. Ciwon noma daga kumburin dasashi yake farawa, a bakin yaro ɗan shekara biyu zuwa shida wanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Cikin 'yan kwanaki ya ci kunci, ya ci leɓe, wani har hanci. Mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa, waɗanda suka rayu kuma wasu ko buɗe baki ba sa iyawa. Abin takaicin, in an gane shi tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da shi. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. To wa zai duba bakin yaron nan a Illela ko Goronyo ya gane da wuri? Likitocin haƙorin ƙasar nan kaɗan ne, kaɗan ɗin ma sun taru a manyan birane.

Ƙanwata, kafin ki yanki fom ki roƙi izini ki je sashen haƙori na UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko na wani asibiti ki ga aikin da idonki. In kin ga jini da ƙarar injin ba su dame ki ba, kuma hannunki na son aikin ƙanƙanan abubuwa, bismillah.

Inna_Ta_Wurno:
Wallahi Dakta na taɓa ganin yaro da wanga ciwo garinmu. Mutane sunka ce iska ce, anka yi ta hayaƙi. Allah shi jiƙan shi. Kuma mu mata da yawa mun hi son mace ta duba mu, ko haƙorin ne.

Hamma_Texas:
Gaisuwa daga Amurka. Ina bin muhawarar da sha'awa, don ɗiyata nan take shirin tata jarabawar. A nan ba a shiga haƙori daga sakandare. Sai ka yi digiri na farko, ka kuma zauna wata jarabawa ta musamman mai suna DAT, wadda ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ke shiryawa, in ka samu ka yi shekara huɗu. Akwai Bayoloji da Kemistiri iri biyu, akwai karatu da fahimta, akwai lissafi, amma babu Fiziks. Abin da ya fi ba ni mamaki wani sashe ne na gwada ido: tambaya 90 cikin awa guda, a nuna maka siffa a ce in an juya ta ta wace kafa za ta shige, ko a ninke takarda a huda a ce in an buɗe ina hudojin za su fito, ko a jera kusurwoyi a ce ka tsara su daga ƙarama zuwa babba. A Kanada ma an yi zamanin da ake ba mutum sabulu ya sassaƙa a jarabawar. Su dai suna son su san idonka da hannunka tun kafin ka shigo.

Bint_Mabera:
Babu Fiziks? Kawu a aiko min da biza 😭

Malam_Kemistiri:
Ki zauna nan ki yi Fiziks ɗinki. Ba dodo ba ce. Matsalar ita ce a makarantu da yawa an koyar da ita a allo kawai, yaro bai taɓa riƙe madubi ko waya da batir ba, sai hadda. Ga yadda za ki yi. Sauke manhajar karatu ta JAMB, wato silabus, kyauta ce, ki bi ta batu bayan batu. Kowane batu ki karanta shi, ki rubuta ƙa'idojin lissafinsa a ƙaramin littafi da hannunki, sannan ki nemo tambayoyin shekarun baya na wannan batun kaɗai ki yi su. Kada ki fara da bin shekara-shekara, wannan na watan ƙarshe ne, da agogo a gabanki. Ki fi ba da ƙarfi a motsi da ƙarfi, zafi, igiyoyin sauti da haske, madubai, da lantarki. Kuma ki kula da ma'auni: rabin kuskuren yara a nan yake, an ba da santimita sun yi aiki da ita kamar mita, an ba da giram ba su mayar kilogiram ba. Amsar kuskuren kuma tana nan cikin zaɓin tana jiran su, don masu saita tambayar sun san inda ake zamewa.

Hattara da littattafan tambayoyin baya na kasuwa, wasu amsoshinsu ba daidai ba ne. In amsa ta saɓa wa littafin karatu, littafin karatu za ki bi.

Abu_Arkilla:
Kuma littafin labarin da JAMB ke bayarwa a Turanci a karanta shi da kai. Yara sai su tsaya jiran taƙaitawa a WhatsApp.

Ummu_Sudais:
Ni damuwata shekarun ne. Ta riga ta rasa shekara guda. Shida a makaranta in babu yajin aiki, kuma mun ga na 2022 da ya ci wata takwas. Ga horo, ga bautar ƙasa. Iyaye za su jira? Akwai kwasa-kwasan kula da haƙori a kwalejojin kiwon lafiya, shekarunsu ba su kai haka ba, kuma ana samun aiki. Ba raina burinta nake ba, amma a faɗa mata duka.

Zarah_BDS:
Anti, waɗannan sana'o'i ne masu daraja, kuma ba ma iya aiki sai da su. Masu wanke haƙori da masu ƙera haƙoran roba kowa da hukumarsa da lasisinsa. Sai dai ta sani ba likita za ta fito ba, kada a ce mata daga baya za ta "ƙarasa" cikin sauƙi. Maganar aure kuwa, a ajinmu akwai masu aure har da mai goyo. Da wuya, amma ana yi.

Yusra_Gawon_Nama:
To IJMB fa, karatun nan na share fagen shiga jami'a? Na ji an ce da ita ana shiga aji biyu kai tsaye.

Likitan_Baki:
Ana shiga, ita da takwararta JUPEB, ta hanyar fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB. Amma kujerun da ake ware wa wannan hanya a haƙori sun fi na UTME, wato jarabawar JAMB da aka saba, ƙaranci, kuma sai wanda sakamakonsa ya yi fice. Ga mai zama gida tana iya zama riba biyu, don karatun IJMB ya fi na sakandare zurfi, in ka dawo tambayoyin JAMB sai ka gan su da sauƙi.

Sardaunan_Kwamfuta:
Gargaɗi kan rajista. Da layinki na kanki za ki tura NIN zuwa 55019 ko 66019 a ba ki lambar firofayil, kuma ki adana layin nan, kada ya ɓace ko a rufe shi, komai ta kansa zai riƙa zuwa. Sunan da ke NIN ya dace da na takardunki. Rajista a cibiyar da JAMB ta amince da ita kawai. Kuma ki karanta allon da idonki kafin a tura. Ɗan maƙwabcinmu a wata cibiya mai cike fom ɗin yana sauri saboda layi, ya sa masa Aikin Gona a maimakon Bayoloji. Bai lura ba sai da ya fitar da takardar jarabawa.

Dan_Runji:
Kuma a roƙi Allah kar a ba ka zaman rana. Zahin Sakkwato na watan huɗu, ga layin tantance yatsa, kahin ka zauna ƙwaƙwalwa ta dahu.

Abu_Arkilla:
Na safe ma da nasa. Tun da sassafe ake son ka a wurin. In an tura ka wata unguwa mai nisa ka je ka ga wurin tun jajibiri.

Bawan_Allah_77:
A sakamakon farko da aka fitar a 2025 sama da mutum miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba cikin kusan miliyan biyu. Ita da ta ci 226 ai gwarzuwa ce. Ku daina tsorata yarinya.

Malam_Kemistiri:
Ba da miliyan ɗaya da rabin nan take takara ba. Da 'yan saman take yi.

Bint_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa Baffa amsar Dakta, ya yi shiru, sai ya ce to in haka ne me zai hana in koma MBBS ɗin tunda wahalar ɗaya ce. Ni kuma yanzu maganar asibitin noma ta tsaya min a rai. Ban yanke ba tukuna. Zan fara zuwa in ga aikin, kuma gobe zan je in tambayi kuɗin rajistar NECO.

Ummu_Sudais:
Ki yi istihara kuma.

Likitan_Baki:
Ki gaida Baffa. Ki ce masa tambayarsa ta biyu ta fi ta farko.

Dan_Runji:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, makin haƙori bai kai na MBBS ba. Ko da biyar ne.

Zarah_BDS:
A wasu wuraren haka ne, a wasu shekarun. To sai me? Wanda ya shirya don ya ci ƙasa da biyar, da talatin yake faɗowa.

Nana_Tambuwal:
Salamu alaikum, yanzu na shigo. Ni ma haƙori nake so amma shekarata 15, sai watan goma sha biyu zan cika 16. Zan iya yankar fom bana ko in jira?

Sardaunan_Kwamfuta:
Sha shida ce ƙa'ida. Amma duba sanarwar JAMB ta bana ki ga ranar da suka yanka a cika shekarun, a kanta za ki yi lissafi. Malam_Kemistiri, lesin naka da yamma ne ko da safe? Akwai yara biyu a unguwarmu.